Rashin Haihuwa Da Ciwon Zuci A Rugagenmu

Jawabin da aka yi a taron makiyaya da ƴan kasuwar bisashe

 

Maganar da za mu yi yau mai nauyi ce ga baki, domin ba a saba yin ta gaban surukai ba. Muna roƙon dattawa gafara tun da farko, akwai abubuwan da sai mun kira su da sunansu. Maganar ita ce rashin haihuwa, da abin da yake yi wa zuciya da hankalin mace da namiji. Matan wannan ƙungiya ne suka matsa a kawo ta nan inda maza suke zaune. Sun ce su kam sun daɗe suna yin ta a bakin rijiya, amma bakin rijiya ba ya yanke komai.

Bari mu fara da abin da kowa a nan ya sani. In karsana ta isa barbara, damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa ta wuce ba ta ɗauki ciki ba, me makiyayi yake yi? Ba ya tashi ya zage ta. Zama yake yi ya yi lissafi. Shin bijimin nan ya tsufa ne? Sauran shanun da ya hau sun ɗauka? Ta samu ciyawa da kanwa yadda ya kamata? Ko kuwa bakkale ya shiga garken, tun da an ga ɓari bara? Sai ya bi waɗannan duka kafin bakinsa ya ce juya ce. Iyayenmu mata ku yi haƙuri, ba muna haɗa mutum da dabba ba ne. Abin da muke nunawa shi ne, binciken da ake yi wa saniya guda, matar gida ba ta samun rabinsa. Ita shekara biyu ta isa a yanke mata hukunci, kuma ba mai tambayar lafiyar mijin.

To ga abin da likitoci suka sani. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muka sani da OMS, ta fitar da rahoto cewa kusan mutum ɗaya cikin shida a duniya yana haɗuwa da matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma ƙasashen masu kuɗi da na talakawa kusan duk ɗaya suke a lissafin. A wajen likita, ana cewa akwai matsala in miji da mata suna tare, suna kwanciyar aure, har wata 12 ba ciki. Ku lura da kalmar tare. Wanda ya bi shanu kudu tun kaka bai komo ba sai da ruwa ya sauka, ko falken da yake rabin wata a hanyar Legas, ya sauka kwana uku ya koma, ba a ƙirga masa shekara yadda ake ƙirga wa mazaunin gida. Kwanakin da mace take iya ɗaukar ciki ba su fi shida ba a kowane wata, wajen tsakiya tsakanin al'ada da al'ada. In mai gida bai cika samun waɗannan kwanaki a gida ba, ba ciwo ke akwai ba, hanya ce ta cinye su. Abu na uku kuma, wanda maza ba sa son ji: a kusan rabin gidajen da ba a haihuwa, matsalar tana jikin namiji, ko shi kaɗai ko shi da matar.

Yanzu mu dubi inda mace take zaune da wannan abu. Binciken da gwamnati ta yi a 2012 ya nuna mace a Nijar tana haihuwar ƴaƴa 7,6 in an daidaita, ba ƙasar da ta kai mu a lokacin. Watau wadda ba ta haihu ba a nan, duk inda ta waiwaya goyo take gani. Kowane mako akwai suna. A ruga kuma abin ya wuce kewar ɗa, domin dukiya kanta ta hanyar ƴaƴa take bi. Ran suna ake nuna wa jariri maraƙarsa, ta girma ta hayayyafa a gefen uwarsa, nonon kuma ƙwaryar uwar yake shiga. Mai ƴaƴa biyar tana da igiya biyar da suka ɗaure ta da garken. Wadda ba ta da ko ɗaya, abin da mai gida ya ba ta tatsa shi ke nan, ran da ransa ya ɓaci ya mayar da saniyar ga kishiya. A wajen ƴan uwanmu Woɗaɓe, sai mace ta yi haihuwar fari, ta gama zaman gidan iyayenta, sa'an nan take komowa da ƙoranta ta kafa ɗakinta sosai. Wadda ciki bai zo mata ba fa, yaushe za ta zama matar gida? Ga kuma lissafin gado, wanda take yi da dare ko ba ta faɗa ba. Mutum ya mutu ya bar shanu 32, da mata biyu, ɗaya mai ƴaƴa ɗaya ba ta da su. Tumuni shanu huɗu ne, su raba biyu-biyu. Waccan ƴaƴanta sun riƙe ta, ita kuwa ta kora shanunta biyu ta nufi gidan ɗan uwa, da furfura a kanta. Ba muna ja da rabon gado ba ne. Muna so ku ga abin da take gani.

A kan wannan sai a ɗora magana. Uwar miji ta ce ana ciyar da juya. Kishiya ta janye ɗanta in ta miƙa masa fura. Maraƙi ya mutu a ce idonta ne, yaro ya yi zazzaɓi a fara raɗa cewa mayya ce. Wata har duka take sha.

Zuciya ba dutse ba ce. Abin da yake biyo baya mun sha ganinsa, sai dai ba a kiransa ciwo. Mace ta daina barci, ko ta farka tun kafin asuba ta kasa komawa. Abinci ya fita ranta, ta rame. Ta daina zuwa tallan nono, wadda da ita ce ta fari a kasuwa. Ta bar kitso, ta bar wanke ƙore. Ta ce kanta yana zafi kamar an ɗora garwashi, ƙirjinta yana bugawa, wani abu yana yawo a jikinta. Ta zauna ta yi shiru, hawaye yana zuba ba wanda ya taɓa ta. Ta ce ba ta da amfani a duniya. In irin wannan ya kai mako biyu ko ya wuce, kusan kullum, likitoci suna da suna gare shi, ciwon damuwa, kuma yana da magani kamar yadda zazzaɓin cizon sauro yake da magani. A 1993 wata mai bincike a Amurka, Alice Domar, ita da abokan aikinta suka auna damuwar matan da suke neman haihuwa, suka gwada da ta masu wasu cututtuka. Suka tarar nauyin da ke zuciyarsu ya yi daidai da na masu ciwon daji da masu ciwon zuciya. Wannan a ƙasar da mace take iya zama ba ɗa ba wanda ya ce mata mayya. Ina ga tamu?

Abin da yake ɓoye ciwon a wajenmu abu ne mai kyau a asalinsa. Fulani suna cewa munyal, watau haƙuri, da semteende, watau kunya. Hausawa suna cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Da wannan tarbiyya aka tashi, da ita ake jure fari da asarar bisashe, kuma ba mu zo rushe ta ba. Amma in mace ta yi wata shida ba ta yi dariya ba, aka ce kai, wance akwai haƙuri, to an yaba ciwo ne. Mai haƙuri tana ci, tana barci, tana tatsa, tana gaisawa da mutane. Wadda ta kasa waɗannan ba haƙuri take yi ba, kwance take a tsaye.

Akwai wani abu da ya nuna yadda zuciya da mahaifa suke riƙe da juna, kuma kusan kowace ruga ta taɓa ganinsa. Mace ta daɗe tana nema, sai al'ada ta ɗauke. Ciki ya taso, nono ya cika, wani lokaci har ruwa ya fito, ta ce tana jin motsi. A yi murna. Wata tara ya cika shiru, shekara ta zagayo shiru. Sai a ce ciki ya kwanta, ko an ɗaure shi, ko iska ta sace ɗan, a fara neman wanda za a ɗora wa laifi, galibi kishiya. In aka kai ta aka yi hoton ciki, wanda ake kira eko, wani lokaci a tarar ƙari ne a mahaifa, wani lokaci al'adar ce ta ɗauke don wani dalili. Wani lokaci kuwa a tarar ba komai, mahaifa lafiya lau. Tsananin bege da tsoro ne suka taɓa ƙwaƙwalwa, ita kuma ta juya sinadaran jiki har jikin ya ɗauki kamannin mai ciki. Wannan mace ba ƙarya ta yi ba, abin da ta ji ta ji shi. Ranar da aka gaya mata gaskiya kuwa rana ce ta makoki a wajenta, kamar ta binne ɗa. Kada a gaya mata a gaban jama'a, kada a yi mata dariya, kada kuma a bar ta ita kaɗai a kwanakin nan.

Sai dai kada wani ya ɗauki wannan ya koma gida ya ce wa matarsa, kin ji ko, tunaninki ne ya hana ki ciki. A 2011 masu bincike a Birtaniya sun tattara bincike da yawa a kan matan da ake yi wa maganin haihuwa, suka ga wadda ta shiga da damuwa da wadda ta shiga hankali kwance, samun cikinsu bai bambanta ba. Yunwa mai tsanani da tashin hankali mai tsanani suna iya ɗauke al'ada, wannan gaskiya ne, mun gani a shekarun fari. Amma galibi rashin haihuwa ne yake kawo damuwa, ba damuwa take kawo shi ba. Cewa da mace ki kwantar da hankalinki za ki samu, ƙarin kaya ne aka ɗora mata. Wani abu kuma, wasu magungunan taɓin hankali suna ɗauke al'ada su sa nono ya kawo ruwa. Mai shan su da take son haihuwa ta gaya wa likita ya duba, kada ta yar da maganin da kanta.

Mu komo kan maza. Ƙarfin namiji daban, haihuwa daban. Mutum yana iya zama lafiyayye a shimfiɗa, amma maniyyinsa ba ƙwayoyin haihuwa a ciki, ko suna nan ba su da ƙarfin tafiya. Wanda ya haifa shekara goma da suka wuce ma yana iya rasawa yau, in ciwo ya shiga tsakani. Na farko a cikin irin waɗannan ciwon sanyi ne, wanda ake ɗaukowa a hanya. Ƴan uwa fatake da masu kora, ba ku kaɗai ba ne, amma kun san masaukin kasuwa. Mutum ya ga mugunya, ya sayi kafso huɗu a tebur, zafin ya lafa, ya ce ya warke. Ciwon yana nan, yana toshe hanyar maniyyi. Ya kai wa matarsa, ita kuwa sau da yawa ba ta ganin alama, yana ci a ɓoye har ya toshe hanyoyin da ƙwai yake bi zuwa mahaifa. Bayan shekara uku a ce juya ce, ya auro wata don ya samu ɗa, ya ba ta abin da ya ba ta fari. Ƴan uwanmu na arewacin Kamaru sun ga inda wannan hanya take kaiwa: a 1981 masu bincike biyu, David da Voas, sun rubuta yadda Fulanin gida na can suke raguwa saboda rashin haihuwa, kuma suka danganta abin da cututtukan saduwa da yawan aure da saki.

Na biyu namu ne na makiyaya. Bakkalen da yake sa saniya ɓari yana kama mutum, ta ɗanyen nono, ko ta kama ɗan ɓari da mabiyiya da hannu tsirara. Yana kawo zazzaɓi mai tafiya yana komowa, da gumin dare, da ciwon gaɓoɓi, da kasala da baƙin rai, a wasu maza kuma ya kumbura maraina. Maganinsa sai an yi mako shida ana sha. Hangum ma in ya kama babba yana iya sauka can. Tsargiya da ake ɗauka a tafki tana taɓa maza, tana kuma ɓata mahaifar mata. Na ƙarshe shi ne tramol. Samari suna sha don gajiyar kora, wasu suna sha don su daɗe da iyali. Wanda ya daɗe a kansa, sinadarin mazakutarsa yana raguwa, ƙwayoyin maniyyi su yi rauni, ga faɗuwa kamar farfaɗiya, ga baƙin rai ran da bai samu ba. Ƙwaya ɗaya tana cin haihuwa da hankali tare.

Namijin da ba ya haihuwa shi ma yana da nasa ciwon zucin, sai dai nasa ba da hawaye yake fita ba. Ya auri ta fari shiru, ta biyu shiru, ya saki ta fari ta yi aure wani wuri ta haihu a shekara. Ya sani, kowa ya sani, ba mai faɗa. Sai ka ga mutum ya zama mai faɗa a kan abin da bai kai ba, ya daina zama cikin dattawa, ya fi son daji shi kaɗai. Yana kallon garke yana tambayar kansa wa zai karɓi sandar. Wani ya shiga sayar da shanu ba dalili, domin a ganinsa ba wanda yake tara wa. Irin wannan mutum abokinsa ne kaɗai yake iya kusantarsa, a hanya, su biyu, ba a dandali ba.

Kuɗin da ake zubarwa kuwa ba sai mun ƙirga muku ba. Wannan ya ce namijin dare ne, a kawo baƙin bunsuru. Wancan ya ce sammu ne, a kawo karsana. Addu'a ba mai hana ta, mu ma muna yi, haihuwa kyautar Allah ce. Abin da muke roƙo a bari shi ne abin da yake ɓata jiki: cusa kanwa da saiwoyi a gaban mace, da yankan gishiri. Yankan nan bai taɓa buɗe hanyar haihuwa ba, amma yana huda mafitsara. Asibitin yoyon fitsari na Danja kusa da Maraɗi, wanda aka buɗe a 2012, aikinsa ke nan ɗinke mata masu yoyo, kuma wadda ta shiga wannan hali an ƙara mata wani baƙin cikin a kan na da.

To me za a yi? In shekara ta cika ana tare ba ciki, a tafi asibiti mutum biyu. In matar ta wuce shekara 35, kada a jira shekara, wata shida ya isa. Kuma namiji ya fara, domin awonsa ya fi na mace sauƙi da araha nesa ba kusa ba: ya ƙaurace wa iyali kwana biyu zuwa bakwai, ya ba da maniyyi a duba. In sakamakon bai yi kyau ba akan sake bayan wata uku, domin jiki yana ɗaukar kusan haka kafin ya ƙera sababbin ƙwayoyi, kuma zazzaɓi mai zafi kaɗai yana iya rage su na ɗan lokaci. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. In ciwon sanyi ne, a yi wa miji da matansa duka magani lokaci guda, in ba haka ba zai zagayo. Akwai matsalar da ƙwaya take gyarawa, akwai ta aiki, akwai kuma wadda sai dashen ciki, wanda aka fara a Ingila a 1978, ana kuma yin sa a birane kamar Abuja da Legas. Yana da tsada ƙwarai kuma ba kullum yake kamawa ba, kada wanda ya sayar da garke a kan alkawarin baki. Akwai kuma waɗanda za a yi duk abin da ake yi, ba za su haihu ba. Gara su ji wannan daga bakin likita da su ƙare shekara ashirin ana tatsarsu.

Shi kuma ciwon damuwa ba sai an jira ciki ya zo ake maganinsa ba. Mutane suna jin an ce hankali sai su tuna sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai, su ce matata ba mahaukaciya ba ce. Ba mahaukaciya ba ce, gaskiya ne, kuma yawanci ba sai an kai can ba. Tun 2008 OMS ta fito da tsarin koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane wannan ciwo da kula da shi. A fara da majo ko ungozoma mafi kusa, a faɗa musu duka, har da rashin barcin da kukan, ba ciwon kai kaɗai ba. Wata zama da magana da mai saurare ya ishe ta. Wata sai an haɗa da ƙwaya, wadda ba ta nuna aiki sai bayan mako biyu zuwa huɗu, kuma ana ci gaba da sha watanni bayan an ji sauƙi. Saboda haka mai shirin tashi da shanu ya gaya wa majo tun da wuri, a san yadda za a yi maganin kada ya yanke a daji. In kuwa mace ko namiji ya fara cewa gara mutuwa, ko ya shiga raba kayansa yana neman gafara ba ciwo ba tafiya, wannan ba maganar gobe ba ce. Kada a bar shi shi kaɗai, kada a aike ta rijiya ita kaɗai, a kawar da maganin kaska da na ƙwari daga inda hannu yake kaiwa, a nemi mota ko amalanke ran nan.

Saura abin da yake hannunmu, wanda ba ya buƙatar likita. Malamai suna nan, su gyara mana in mun karkace: Nana A'isha ba ta haihu ba, kuma ba a rage mata daraja ba ko ƙwayar gero. Riƙo al'adarmu ce tun kakanni, amma in za a ba mace ɗa ta riƙa, a ba ta da zuciya ɗaya, ba ran da ya isa kiwo a zo a karɓe ba. Muna kuma da haɓɓanaye, inda ake ba mutum aron karsana ya sha nono, ya riƙe maruƙan da ta haifa, ya mayar da uwar. Galibi tsakanin maza ake yin sa. Shawarar da matan ƙungiya suka kawo ita ce kowane reshe ya ware karsana ko tumaki na haɓɓanaye da sunan mace ita kanta, a fara da waɗanda ba su da ƴaƴa da waɗanda aka saka saboda rashin haihuwa, kuma ardo ya shaida cewa abin da aka haifa nata ne, ko tana gidan miji ko ta fita. Wasu dattawa sun riga sun tambaya wa zai yi mata kiwo, tun da ba ta da yaro. Tambaya ce mai kyau, kuma ita za a fara tattaunawa bayan azahar.

Kafin nan, ungozoma tana rumfar baya don mata. Majo kuma yana ɗakin ajiyar allurai har la'asar don maza, ƙofar tana ta bayan gida, kuma ba a rubuta sunan kowa.